Jaririn da Ya Ɓace daga Cinyar Madonna

Roccalvisa, 9 ga Maris, 1998

Zuwa ga yayata Splendora,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wasiƙar nan za ta same ki lafiya, ke da Vittorino da yara da jikoki. Yaya gwiwarki? Kin je wurin likitan, ko har yanzu man zaitun kike shafa mata kina jiran ikon Allah? Mu nan lafiya ƙalau, sai sanyi da ya ƙi tafiya.

Yaya, na ga Jaririn.

Kada ki ce wane jariri, kin san wanda nake nufi. Ranar Talata aka kawo wa ɗakin karatunmu kwalin littattafai daga lardi, irin waɗanda sai manya sun gaji da su suke tunawa da mu. A ciki akwai kundin wani baje koli na kayan coci da wata gidauniya ta yi a Firenze bara. Na buɗe don in buga masa hatimi, sai ga shi kwance a kan baƙin karammiski, yatsa a baki, ƙafar hagu a ɗage. Sai da na zauna a kan kwalin.

Ga abin da aka rubuta a ƙasan hoton: Jariri Yesu, gasasshen yumɓu, aikin wani gwani na Firenze wajen shekarar 1480, yana hannun gidan sarautar Vallescura tun ƙarni na sha takwas. Wani Farfesa Tebaldi ya cika shafi uku yana yabon kumatunsa. Ya ce irin wannan taushi ba ya fitowa sai daga hannun mutumin birni. Ya kuma lura ƙafar hagu ta siɗe sumul, fentinta ya tafi, ya ce sumbar matan gidan sarauta ce ta cinye ta. Ni da ke mun san abin da ya cinye ƙafar nan. Duk macen garin nan da naƙuda ta yi wa gardama, Mama ce take ɗauko shi daga cinyar Madonna, mutum-mutumin uwarsa da ke cocinmu, ta naɗe shi a mayafinta ta kai ɗakin, mai naƙuda ta damƙe ƙafar tana kiran sunan uwarta, in ta sauka a mayar da shi. Matan makiyaya ne suka murje ƙafar nan da hannuwa masu kanta, shi kuma yana can yana mafarkin leɓɓan 'ya'yan sarauta.

Ke ba kya gari a hunturun 1961, kina Sulmona wurin koyon ɗinki, saboda haka ba ki ga abin da na gani ba, kuma ba mu taɓa zama mun yi maganar ba. Fada Panfilo ya riga ya hana aron Jaririn, ya ce camfi ne, mata suka ci gaba da abinsu a ɓoye. Wata Lahadi aka yaye labule, sai ga Madonna zaune, tafukanta haɗe, tana kallon cinyarta babu kowa. Makullin wurin ɗaya ne, yana wuyan Mama, tun da ita ce babba a cikin masu sa wa Madonna sutura. Fada ya tambaye ta a gaban jama'a, ta ce ba ta da abin faɗa. Sau uku yana tambaya. Ya karɓe makullin nan take. Shekara ashirin da huɗu tana zama a bencin baya har ta rasu. Ni kuwa shekarata sha uku, a makaranta sunana ya koma 'yar ɓarauniya, kuma akwai masu furfura a garin nan da har gobe in na wuce sai sun taɓa jakarsu, wai wasa.

Har yau 'yar tsanar roba ce a cinyar Madonna, wadda aka sayo a Pescara, mai ido kamar na kifi.

Abin da ya hana ni sukuni ba fushi kaɗai ba ne. So nake in sani. Ta yaya yaron da ya bar cocinmu a 1961 ya zama ɗan gidan sarauta tun ƙarni na sha takwas? Wa ya ɗauke shi, wa ya sake masa asali? Na rubuta wa gidauniyar, zan je in gan shi da idona.

Ki gaida Vittorino, ki ce masa ya rage gishiri. Ki shafa mini kan ƙananan.

Ƙanwarki,
Liberata


Roccalvisa, 20 ga Afrilu, 1998

Yaya Splendora,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da aka ce gwiwar ba sai an yi aiki ba. Wasiƙarki ta iso, layi biyu kan lafiyarki, shafi guda kan cewa in bar Mama ta huta a kabarinta. Abu ne mai sauƙin faɗa daga Fremantle, can ƙetaren teku. Ke shekara guda bayan abin kika hau jirgin ruwa. Ni ce na zauna ina raka ta kasuwa ina kallon yadda mata suke juya baya suna duba tumatir da ba su da niyyar saye.

Na je Firenze. Farfesan dogo ne, yana naɗe wuyansa da gyale a cikin ɗaki, kuma sai da ya tambaye ni sau biyu a ina Roccalvisa take. Ya saurare ni da murmushin da ake yi wa mai tabon hankali, sannan ya ce babu ƙauyen da ke kan duwatsu wanda bai yarda an sace masa wata taska ba. Na ce haka ne, domin babu ƙauyen da mutanen birni ba su bi ta cikinsa da buhu ba.

Sai ya kai ni ɗakin da Jaririn yake. Yaya, ya fi yadda nake tunawa ƙanƙanta. Bai kai tsawon hannuna daga gwiwa zuwa yatsa ba. Na so in taɓa ƙafar, aka hana ni.

Don ya gama da ni, Farfesa ya nuna mini hannun dama, inda ya taɓa karyewa aka liƙa. Ya ce sun gwada danƙon, sun samu an haɗa shi ne da cuku da farar ƙasa, haɗin da ke rubuce a littattafan masu sana'a na dā, saboda haka gyaran na ƙarni na sha shida ne, kuma na ƙwararru ne. Dariya ta kuɓuce mini har mai gadi ya leƙo. Na ce masa hannun nan ya karye ne a 1957, ranar da aka haifi Tonino mai sayar da fetur, uwarsa ce ta fizge shi. Mama ta liƙa shi a kan teburin girkinmu da cukun tumaki da farar ƙasar shafen bango, yadda take liƙa tulu da akushi, ni ce na riƙe mata shi har ya kama. Na ce in gyaran nan na ƙarni na sha shida ne, to Tonino ya haura shekara ɗari huɗu, kuma bai nuna ba.

Bai yi dariya ba. Ya ce abin da mutum ya tuna ba hujja ba ne, in kawo takarda ko hoto. A nan ya kama ni. Kin san ba a taɓa ɗaukar Jaririn hoto tsirara ba, tun da namiji ba ya ganinsa sai cikin kaya. Hoton da muke da shi na zagayen gari ne, an naɗe shi cikin leshi, hanci kawai ake gani.

Ina sauka daga bene sai ga wata mata ta biyo ni, sunanta Ilaria, ita ce mai gyara musu kayan tarihi. Ta ce kakarta ma da cuku take liƙa kwanuka, kuma ta faɗa wa Farfesa haka tun bara. Ta gaya mini abu uku. A bayan Jaririn akwai rami, alamar dā yana zaune a kan ƙusar katako, wato an yi shi ne don wata cinya. Sun ɗauke shi hoto da na'urar asibiti, sun ga cikinsa cike yake da tsummoki, Farfesa ya ce masu ɗaukar kaya ne suka cusa don kada ya fashe. Na ukun shi ne ya tayar mini da hankali: a watan Oktoba za a fitar da shi ƙasar waje a yi gwanjonsa. In ya tsallaka iyaka, shi ke nan. Ofishin gwamnati mai kula da kayan tarihi zai iya hanawa, amma sai an tabbatar musu kayan coci ne.

Wata shida nake da su. Na rufe ɗakin karatu ranakun Laraba da Alhamis, babu wanda zai lura.

Ki gaida kowa. Kada ki sake rubuto mini in haƙura, ɓarnar tambarin wasiƙa ce.

Taki,
Liberata


Roccalvisa, 11 ga Yuni, 1998

Yayata abar ƙauna,

Ina gaishe ki, ina gaida maigida da yara. Da fatan sanyinku na can bai taso da gwiwar ba. Mu nan an fara yankan ciyawa, duk gari atishawa.

Ki zauna, domin labari ne da ni. Mako biyar ina zirga-zirga zuwa ma'ajiyar tsofaffin takardu a L'Aquila, ina karanta rubutun magatakardan da suka mutu tun kafin a san tumatir a ƙasar nan. Idona ya kusa fita. Ranar Alhamis da ta wuce na same ta: yarjejeniya ta shekarar 1509 tsakanin dattawan Roccalvisa da wani Mastro Sante, maginin tukwane daga kwarin da ke bayanmu. Zai gina musu Madonna zaune, da yumɓu, ya gasa, ya yi mata fenti. Sai wani layi da na karanta sau goma: a yi Jaririn daban, yadda za a iya ɗaga shi, kamar yadda matan gari suka roƙa. Kin ji? Tun ranar farko don aro aka yi shi. Fada Panfilo ya zo bayan shekara ɗari huɗu da hamsin yana cewa bidi'a ce.

Takardar ta kuma ce zai gasa ta gunduwa biyar, saboda tanderunsa na tukwane ne, ba zai ɗauke ta gaba ɗaya ba. Da na dawo na shiga bayan bagade da tocila na ɗaga mata alkyabba. Ga su nan, layi huɗu a jikinta, inda ya yanka ɗanyen yumɓun da waya. A ciki har da sawun babban yatsansa. Na sa nawa a kai. Mutum ne mai ƙaton hannu, Yaya, mai gina tulun mai da tukunyar wake, shi ne ya yi kumatun da Farfesa ya ce sai ɗan birni.

Gidan Vallescura kuma saura mutum ɗaya, wata tsohuwa a Siena, 'yar basaraken ƙarshe. Na je, ta ba ni shayi a kofi mai tsaguwa, ta yi ta dariya. Ta ce mahaifinta ba shi da komai sai suna, sai ya riƙa ba da aronsa. Dillalai su kawo kaya su ajiye a falonsa damina guda, a ɗauki hoto kusa da hoton kakanninsa, kaya su fita da asali. Ta tuna Jaririn sarai, don ta roƙa a bar mata shi aka ƙi. Ta ce dillalin ya yi ta alfahari cewa a babur ya goyo shi daga hannun wata ungozoma a Pratorosso.

Nan na tsaya cak. Pratorosso tana bayan dutse, tafiyar yini guda ce a ƙafa cikin dusar ƙanƙara. Ba a taɓa fitar da Jaririn daga garin nan ba. Me ya kai shi can?

Na tafi wurin Goggo Concezia, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka yi aikin sutura tare da Mama. Shekararta casa'in da ɗaya, kunne ya tafi, baki yana nan. Ta ce na tsufa, kuma har yanzu ban iya taje kai ba. Da na ambaci tsummokin da ke cikin Jaririn sai ta ajiye waken da take ɓarewa. Ta ce ba tsummoki ba ne. Duk lokacin da aka kai shi wurin mai naƙuda, in ta sauka, mai sutura takan yagi siririn ƙyalle daga bakin rigar maijegon ta cusa ta ramin bayansa, don Madonna ta san waɗanda ɗanta ya ziyarta. Masu sutura kaɗai suka san wannan, ko maijegon ba a gaya mata. Ashe duk haihuwar wahala ta garin nan tana cikin cikinsa, har da tawa ƙila.

Da na ce mata Pratorosso, sai kunnen ya ƙara mutuwa. Ina bakin ƙofa ta kira ni da sunan Mama, ta ce, “'Yar Annina, ki bar cikin yaron nan a rufe.”

Kin san ni. A ranar na rubuta wa Ilaria ta nemi izini a fito da su. Wanda aka cusa a ƙarshe shi ne zai fara fitowa, kuma shi ne zai gaya mini wurin wa Mama ta kai shi.

Ke da kike Sulmona a lokacin, kin taɓa jin wata 'yar garinmu ta je Pratorosso? Ki yi tunani.

Ina gaida ku duka.

Ƙanwarki,
Liberata


Roccalvisa, 24 ga Yuli, 1998

Yaya,

Ina gaishe ki. Da fatan kuna lafiya. Ban sami amsar wasiƙata ba, kuma yanzu na san dalili.

Shekaranjiya na dawo daga Firenze. Ilaria ta kwantar da Jaririn rub da ciki a kan auduga, ta sa hantsaki a ramin, Farfesa yana tsaye yana duba agogo. Ta ce akwai ɗaruruwan ƙyallaye, na can ciki sun zama gari. Na farko ya fito a nannaɗe kamar ƙaramin sigari. Ta warware shi a kan farar takarda.

Shuɗi ne, mai ƙananan furanni rawaya.

Yadin da Kawu Ettore ya aiko daga Amurka. Riga ɗaya ce irinta a duk garin nan, kuma na san ta fiye da kowa, domin da bazara ta shigo a waccan shekarar Mama ta ba ni ita. An sake kalmashe bakinta, ta yi mini gajarta, na yi ƙorafi, Mama ta ce ni ce na yi tsawo. Shekara biyu ina sanye da ita ana ce mini 'yar ɓarauniya.

Farfesa ya ga fuskata, ya tambaye ni ko na gane ƙyallen. Na ce a'a. Ni da na je don in koya masa faɗar gaskiya.

Daga tashar mota gidan Goggo Concezia na wuce. Ban tambaye ta komai ba, na faɗa mata launin kawai. Ta ba ni sauran a taƙaice. Babu wani koyon ɗinki. Kina gidan ungozomar Pratorosso tun kaka. Naƙuda ta kwana biyu, aka aiko wa Mama cewa ba lallai ki tashi ba, ta naɗe Jaririn a mayafi ta haura dutse. Da komai ya wuce, ungozomar ta riƙe shi, ta ce shi ne ladan rufe bakinta, in Mama ta ƙara tambayarsa duk kwarin zai ji sunanki. Mama ta dawo hannu wofi ta tsaya a gaban Fada.

Ban san da wa zan fara ba. Ina fushi da ungozomar can da ta mutu ta bar ni babu wanda zan shaƙe. Ina fushi da Mama, da ta zaɓa tsakanin 'ya'yanta biyu ba ta ko gaya mini an yi zaɓe ba. Ina fushi da ke. Shekara talatin da bakwai kin rufe bakinki, sai hotunan 'ya'ya da jikoki kike aiko mini, kin bar ni ina haƙa da hannuna har na iso kanki. Sai kuma in tuna shekararki ashirin, a ɗakin baƙuwa, a bayan dutse, kina damƙe da ƙafar nan bayan naƙudar kwana biyu, sai fushin ya rasa wurin zama. Jiya na ƙona miya sau biyu.

Ga inda magana take. Yarjejeniyar 1509 ta nuna muna da Jariri, ba ta nuna wannan ne ba. Gidauniya ba za ta bari a kawo shi a gwada a cinyar Madonna ba sai ofishin gwamnati ya ba da umarni, ofishin kuma yana son mutum mai rai da ya ga inda Jaririn ya je, ya rubuta ya sa hannu. Goggo Concezia ta ce ita ba ta iya rubutu ba, kuma in an matsa mata ba ta iya magana ba. Saura ke.

Ban gaya wa kowa ba, ba kuma zan gaya ba. Ban san abin da Vittorino ya sani ba. In kin yi shiru, a Oktoba yaron zai tafi, Mama ta ci gaba da zama yadda garin nan ya ajiye ta, ni kuma in koma buga hatimi. Zan iya. Ita ta iya shekara ashirin da huɗu, kuma ba ta karanta rabin abin da na karanta ba. Ba zan ce ki yi ba, ba zan ce kada ki yi ba.

Ki kula da kanki. Duk da haka ina ƙaunarki, ko da yake yau da ƙyar.

Liberata


Roccalvisa, 15 ga Satumba, 1998

Zuwa ga yayata Splendora,

Gaisuwa mai tarin yawa gare ki da Vittorino. Ki ce masa na janye duk abin da na taɓa faɗa a kansa, ban da maganar gishiri. Mutumin da zai ji irin wannan labari bayan shekara talatin da biyar da aure, ya tashi ya ɗauko mota ya kai matarsa ofishin jakadanci a buga wa takardarta hatimi, ya wuce in yi masa tsiya. Yaya yaran suka ɗauka? Ki ba su lokaci.

Takardarki ta yi aiki. Ranar bakwai ga wata aka kawo Jaririn a mota, cikin akwati mai kama da na gawa, Ilaria a gaba, Farfesa a baya, da wani jami'i mai tarin fayil. Aka ɗauke 'yar tsanar Pescara. Mata suka ce maza su juya baya kafin a ɗaga alkyabbar Madonna, jami'in ya ce shi gwamnati ce, Goggo Concezia ta ce gwamnati ma ta juya. Suka juya. Ƙusar katakon tana nan a cinyarta. Ilaria ta sauke shi a hankali, ya zauna daram. Ba ƙusar kaɗai ba: Mastro Sante ya lotsa yumɓun rigarta daidai bayansa da ɗuwawunsa, kamar katifar da aka daɗe ana kwanciya a kai. Ko takarda ba ta shiga tsakaninsu.

Farfesa ya zagaya ta sau uku, ya cire tabarau, ya ce lallai wannan babban abu ne, ashe uwar ma aikin Firenze ce. Na miƙa masa kwafin yarjejeniyar. Ya karanta a tsaye, ya ce ai maginin tukwane zai iya yiwuwa ya yi koyo a Firenze. Na ce zai iya yiwuwa, kamar yadda zai iya yiwuwa Farfesa ya taɓa riƙe tukunya. An hana fitar da Jaririn. Sauran magana ta lauyoyi ce, amma yana cocinmu, kuma sunan Sante za a rubuta.

Kin ce in karanta takardarki a gaban jama'a, a wurin da aka tsayar da Mama. Na karanta ranar Lahadi bayan an idar da addu'a. Na shirya fuskata, Yaya. Shekara talatin da bakwai nake shirya ta. Na so in ga sun sunkuyar da kai ɗaya bayan ɗaya. Maza sun sunkuyar, Tonino har da hawaye. Amma tsofaffin matan ko gezau. Suna kallona kamar mai karanta musu farashin wake.

A bakin ƙofa na tare Goggo Concezia na ce mata ko kunya ba su ji ba. Ta ce, “Kunyar me? Mu duk mun sani tun a makon. Shi ya sa ba wadda ta bari mijinta ya kira 'yan sanda.”

Na ce sun sani suka bar 'ya'yansu suna kirana 'yar ɓarauniya, suka juya wa Mama baya a kasuwa.

Ta ce, “Uwarki ce ta ce mu juya. In mun rungume ta, maza za su tambaya me ya sa. Yara kuma gara su kira ki wannan sunan da su kira yayarki wancan. Ke mai ƙarfi ce, mun ga za ki ɗauka.”

Na bar mata maganar ƙarshe. Karo na farko ke nan a rayuwata, ki rubuta ranar. Na zo in wanke Mama a gaban mutanen da ba su taɓa ganinta da datti ba. Ni kaɗai ce a garin nan nake buƙatar takardar, ni mai ɗakin karatu. Ban yafe musu ba, kada ki ɗauka na yafe. Amma na je kabarin Mama da yamma na gaya mata yadda nake ganin ta, da babbar murya, sannan na canza mata ruwan furanni.

Saura abu guda. Layin ƙarshe na takardarki ban karanta musu ba, don ba nasu ba ne. Kin rubuta cewa abin da kika haifa mace ce, ta zo da rai, kin ji kukanta, kuma a kwana na uku aka miƙa ta ga wasu sistocin coci ba ki ƙara jin komai ba. Tun da na karanta nake lissafi. Shekararta talatin da bakwai. Wani ya sake mata suna da asali, kamar yadda aka yi wa Jaririn, kuma na koyi yadda ake bin irin wannan sawun. Sistoci ba sa zubar da takarda.

Ba zan taɓa ko fayil ɗaya ba sai kin ce. Na yi haƙa sau ɗaya ba da izininki ba, ya ishe ni. In kina so, ki aiko mini da ranar, da duk abin da kika tuna game da matan da suka karɓe ta, ko launin rigarsu ne. In ba kya so, ki rubuto mini labarin jikoki kamar kullum, zan gane, kuma ba zan sake tayar da maganar ba.

Ina jiran wasiƙarki, kowace iri ce.

Ƙanwarki,
Liberata